Ciwon da Ba a Zuwa Masa Dubiya

Duk amaryar da ta wuce ta bar ƙamshi a lungunan unguwar Yalwa ta Garwa, ba sai an tambaya ba, hannun Hajje Achta ne. Turaren wuta da humra gadonsu ne, ita da yayarta, tun daga garin Kusiri, kuma uwarsu ba ta taɓa koya musu awo ba. Cewa take yi cokali na 'yan koyo ne, mai sana'a da hanci take aunawa. To hancin nan ne ya mutu wa Achta, ba kuma wanda ya sani.

Wata mura ce mai zazzaɓi ta kwantar da ita a shekarun baya kaɗan. Ta warke, ta buɗe kwalbar miski ta kai hanci, sai ta ji kamar ruwan randa ta shaƙa. Miyar kuka ta koma mata ruwan zafi mai gishiri, gasasshen nama kuwa kamar tana tauna tsumma. Ta saci jiki ta je asibiti, likita ya haska hancin ya ce bai ga komai ba, ta yi haƙuri, na wasu yana dawowa, na wasu ba ya dawowa. Ta komo gida ta kama bakinta. Ai ranar da aka ji mai turare ba ta jin ƙamshi, ranar sunanta ya faɗi, ita kuwa ban da sunan nan ba ta ajiye komai ba. Sai ta ci gaba da haɗi da abin da hannu ya saba, tana karanta fuskar mai saye don ta san ko ta dace.

Gida ɗaya suke da yayarta, Adda Kaltumi, tun da mazajensu suka rasu. Ciwon suga ya cinye wa Kaltumi idanu, gwiwa kuma ta ƙi ta, sai da sanda take kai kanta bayan gida. Kowa zai ce ita ce abar tausayi. Amma je ka gidan da hantsi ka sha kallo. Tabarma shimfiɗe ƙarƙashin dalbejiya, mata sun kewaye ta, wannan ta kawo kwaɗon zogale, waccan ta zo tsefe mata kai, ana ta yi mata sannu da Fulatanci, "Allah hoynu, Adda," ita kuwa tana ƙyaƙyata dariya har da buga cinya. Idan hadari ya taso, ita ke fara ɗaga kai ta ce a kwashe shanya, ƙasa ta fara ƙamshi ta wajen gadar kogi.

Achta tana gefe tana ɗaura wa kwalabe leda, zuciyarta na tafasa. Kishi take yi, kishi na gaske, da makauniya. Ta san abin kunya ne, tana istigfari bayan kowace salla, amma kishin bai san istigfari ba.

Georgette, ma'aikaciyar jinya maƙwabciyarsu, takan shigo ta auna wa Kaltumi suga. Wata rana ta soki yatsan ta duba, ta girgiza kai.

"Mama, diyabet ɗin ya ɗan hau fa. To amma ke a ranki, yaya kike jin zaman duniyar?"

"Daɗi, 'yata," in ji Kaltumi. "Jiya da kuka soya kifin Lagdo, daga nan na ci rabona da hanci. Ido ya ga mai kyau ya ga mummuna, ya isa ya huta. Ni kam ban da ƙorafi."

Georgette ta yi dariya ta juyo wajen Achta. "Ke kuwa Hajje ba sai an tambaye ki ba, ga ki garau kamar sabon kwano. Ça va?"

"Lafiya lau," in ji Achta.

Da a ce irin "da sauƙi" ɗin nan ce ta marasa lafiya, wadda ake faɗa ko ana gargara, da Achta ta samu sanyi. Abin da ke cin ta shi ne da gaske Kaltumi take yi. Mace ba ido, ba gwiwa, kullum allura, amma tana jin daɗin duniya. Ita ga ido ga ƙafa, duniyar ta yi mata lami, kuma ko "sannu" ba ta taɓa samu ba, don ciwonta ba shi da sanda ba shi da bandeji.

Ana nan aka sa bikin Nafisatu, autar Kaltumi. Angon ɗan Tibati ne, danginsa fataken kifin tafkin Mbakau, kuma labarin Hajje Achta ya riga ya isa can. Aka aiko cewa matan dangi suna ɗokin ganin hannunta a kan amarya. Nafisatu da kanta ta zo ta durƙusa gaban ƙanwar uwarta.

"Yafendo, kin yi wa 'ya'yan mutane, yau ga taki. Ina so in shiga Tibati su san daga gidan wa na fito."

"Za su sani," in ji Achta.

Sai dai akwai abin da take tsoro, wato farce. Wani ɓawon dabbar teku ne mai kama da farcen mutum, shi ke riƙe ƙamshi a jiki da tufafi, amma ɗanyensa ƙarni gare shi na tashin hankali. Sai an jiƙa shi, an kankare, an soya cikin yashi mai zafi, kuma launi ba ya nuna ya yi, hanci ne ke yanke hukunci. Tun da nata ya mutu take lallaɓa ragowar wanda ta gyara tun tana ji, shi ya rufa mata asiri. Ragowar nan ta ƙare daidai bikin, dole ta sayo sabo.

Ta jiƙa, ta kankare har yatsunta suka yi kanta, ta soya. Da ta ga ya yi ja kamar yadda ta saba gani sai ta sauke ta hau daka. Gidan ba baƙi ran nan, daga ita sai Kaltumi a kan tabarma. Kaltumi ta ɗaga hanci.

"Achta, farcen nan da saura."

"Ya yi."

"Bai yi ba. Miƙo in ji."

Achta ta ci gaba da daka kamar da turmin ake magana. Kaltumi ta sassauta murya.

"Kwana biyu ina jin haɗinki yana ɗan kaucewa, na yi shiru ne. Ko mura ce ta toshe ki? Ki matso da kayan nan kusa da ni mana, ke hannu ni hanci, mu yi wa yarinyar nan tare."

Taɓarya ta tsaya a hannun Achta. Ga ƙofa an buɗe mata, kuma wallahi ta so shiga, maganar har ta zo mata maƙogwaro. Sai ta hango matan dalbejiya suna tafa hannu: kun ji Adda Kaltumi, ba ido amma ita ta haɗa turaren 'yarta! An ba ta tausayi, an ba ta dariya, an ba ta 'yan dubiya, yanzu kuma ɗan kaskon da ya rage wa Achta shi ma a miƙa mata?

"Adda, ki ji da allurarki ki bar min kaskona. Ban tsufa da koyon turare a wajen wadda ba ta ganin kwalba ba."

Maganar ta yi nauyi, ita ma ta san ta yi. Kaltumi ta laluba ta jawo carbinta. Achta ta zuba garin farcen a humra, ta barbaɗa a itacen sandal da ta dafa da sukari, har da ƙari don ya kama da kyau, ta toshe kwalabe ta kai ɗaki ta kulle inda hancin kowa ba zai kai ba.

Ranar turara amarya, bayan la'asar, ɗaki ya cika da mata. Baƙin Tibati sun jeru a kan katifa, goggon ango a tsakiya, wata doguwa mai haƙorin makka wadda bakinta ba ya ajiye magana. Aka kawo Kaltumi aka zaunar kusa da ƙofa. Aka lulluɓe Nafisatu da bargo, Achta ta shafe mata hannu da wuya da humra, ta zuba turare a garwashi ta tura kaskon ƙarƙashin bargon. Hayaƙi ya taso fari, gwanin kyau. Sai ta ɗaga ido ta shiga aikinta na kullum, karatun fuska.

Baƙuwa ta farko ta ce "Masha Allah" tana jan gyale zuwa hanci. Ta biyu ta kalli ta uku. Wata ta tuna ta bar yaro a waje. A ƙarƙashin bargo Nafisatu ta yi tari, ta sake yi, sannan kafaɗunta suka fara rawa, wanda duk mace ta san ba tari ba ne, kuka ne.

"Ikon Allah," in ji goggon ango. "Mun baro ƙarnin kifi a Mbakau, ashe ya hau mota ya riga mu zuwa."

Aka yi 'yar dariyar da ta fi zagi ciwo. Ga abin da Achta ta turara 'yar yayarta da shi yana yawo a ɗaki, kowa na shaƙa, ita kaɗai ce ba ta san kamanninsa ba.

Sai muryar Kaltumi ta fito daga bakin ƙofa.

"Ku yafe ni, bayin Allah, aikina ne. Ɗoki ya ɗebe ni na ce sai na sa hannu a turaren autata. Na lallaɓa da lalube na juye mata ɗanyen farce a kwalba, na ɗauka gyararre ne. Makaho da karambani ai sai haka. Ƙanwata ba ta sani ba."

Nan take ɗakin ya juye. "Ayya, Adda!" "Wayyo, uwa mai daɗi!" Goggon ango da kanta ta tashi ta je ta riƙe hannun Kaltumi tana cewa wannan ƙarnin ai albarka ne, ina ma kowace amarya ta samu uwa irin wannan. Wata har da share hawaye. Aka ce a fitar da kaskon, Hajje ta kawo wani cikin tsofaffin haɗinta, magana ta wuce.

An wanke Achta tas, sunanta na nan inda yake. Abin da ya kamata ta ji godiya ce, amma abin da ta ji wuta ce. Wato ko laifi ne, idan ya shiga hannun Kaltumi sai ya zama abin so. Makantar nan ba abin da ba ta ɗauka, har kuskuren wani tana goyawa a yaba mata. Ita kuwa ciwon da take kwana da shi take tashi da shi, yau ya fito fili sau ɗaya tak, shi ma an karɓe an ba wa mai shi da yawa.

"Ba haka aka yi ba."

Ba ta san da ƙarfi ta faɗa ba sai da ta ga an juyo.

"Adda ba ta taɓa kwalbata ba. Ta ma ce min farcen da saura na ƙi ji. Ni ce. Hancina ya mutu tuntuni. Ba na jin turare, ba na jin miya, ko gidan nan zai kama da wuta sai dai in gani da ido. Rabon da in ci abinci in ji daɗinsa har na manta. Ba ni da lafiya, jama'a. Na daɗe ba ni da lafiya."

Ta tsaya tana haki, hawaye na bin kumatunta, tana jira. A bakin ƙofa Kaltumi ta dafe baki da hannu.

Goggon ango ta dube ta sama da ƙasa, daga ɗaurin ɗankwali har lallen ƙafa.

"Au, hanci kawai? Haba Hajje, na ɗauka wani ciwo ne. Ki gode wa Allah mana, dubi yayarki."

"Wallahi kuwa," in ji mata, suna fifita da gefen gyale.

"Alhamdu lillahi," in ji Achta, don ba a ba da wata amsa ga wannan magana.

Ta sunkuya ta jawo kaskon daga ƙarƙashin bargon Nafisatu, ta ɗauka ta fita tsakar gida ta kife shi a gindin dalbejiya. Tana tsaye tana kallon hayaƙin yana mutuwa, hira ta ci gaba a ɗaki. Goggon ango na tambaya, to yanzu wa ake kai wa aikin turare a garin nan? Wata maƙwabciya, cikin waɗanda Achta ta gyara ranar aurensu, ta ce ai ba sai an je nesa ba, a samo mai hannu ta riƙa haɗawa Adda Kaltumi na shinshinawa, hancinta ba ya kuskure.

Kunnuwan Achta lafiyarsu ƙalau, ba abin da ya wuce ta.