Tabon Girar Makaniki

Gwani ya daɗe yana ɗaukar hoto, har ya kai lokacin da ƙuda kaɗai ke leƙa shagonsa. Sai surukinsa, mijin 'yarsa ta fari, ya kawo masa tsohuwar kwamfuta ya girka kusa da labulen ɗaukar hoto mai zanen teku.

"Baba, layin hagu kayan aiki ne," in ji surukin. "Ga buroshi, ga magogi, ga filasta mai ɓoye tabo. Na dama shimfiɗu ne, ɗaya kan ɗaya kamar zannuwan gado. Kullum ka fara yin kwafi, kada ka taɓa na asali."

"Ina gyara fuskokin mutane da fensir tun kana tsotson yatsa," in ji Gwani.

Cikin darasin duka, filastar kawai ta shiga kansa. Duk fuskar da ta faɗo hannunsa sai ta fita sumul kamar ƙwai.

Ana nan sai matar marigayi makanikin bakin titi ta zo da katin ajiyar hotuna na waya ƙulle a bakin mayafi.

"Malam, hotonsa ke nan guda, bai son hoto. A wanke min babba in rataya."

Abin da ta ce ke nan. Amma da Gwani ya buɗe hoton daga katin, ya ga mutum da baƙin mai a kumatu, da wushirya, da tabo ya raba masa gira biyu, sai tausayin gwaninta ya kama shi. Ya share man, ya toshe wushiryar, ya manna filasta a girar. Wani akwatin rubutu ya fito a fuskar kwamfutar yana tambaya ko a maye gurbin tsohon hoton. Gwani bai karanta irin waɗannan. A ganinsa tambaya aikin almajiran sana'a ne. Ya danna, ya rufe.

Washegari ta karɓi hoton, ta daɗe tana dubawa.

"Sannu da aiki. Wannan ɗin na waye?"

"Mijinki mana. Gyara na yi masa."

"Mijina yana da tabo. Ranar da ƙarfe ya sare shi, da ɗankwalina na ɗaure masa. Bar shi, wanke min na katin yadda yake."

Gwani ya buɗe katin. Baƙon nan mai santsin fuska ne ya dube su. Ya kira surukinsa a waya, ya tambaye shi ina kibiyar da ake dannawa aiki ya koma baya.

"Baba, ka rufe bayan ka adana?"

"Na rufe."

"Kwafin fa?"

Gwani ya kashe wayar. Ya gyara zama, ya laluba layin hagu har ya sami buroshi.

"Ƙaramin aiki ne, yanzu zan zana masa. Girar hagu ce ko ta dama?"

Matar ta ɗaga hannu ta taɓa girarta ta hagu. Ta tsaya. Sannan a hankali ta taɓa ta dama.