Sai An Amsa

Ɗaurin jaridu a bayan keke, ledar kare ruwa, igiyar roba, da hular Baba Mai Jarida wadda ta yi masa yawa. Abin da Tela ya ɗauko ke nan, yana haki a hawan da ke bayan asibiti.

Ɗinki ya ja baya, ya daɗe yana neman abin da zai haɗa da shi. Da ƙafafun Baba, maƙwabcinsa, suka kumbura, sai tsohon ya kira shi ya ce ya riƙe masa zagayen rabon, kada dillalin jaridun ya miƙa wa wani mai babur. Sharaɗi ɗaya ya gindaya: ba a jefa jarida ta kan katanga. A ƙwanƙwasa, a tsaya sai an amsa.

"Baba, ai haka sai rana ta take ban buɗe shago ba."

"Shagon da ko ƙuda ba ya leƙawa?"

Tela ya bi dai. Yawancin masu karɓa tsofaffi ne, 'ya'ya sun watse sun bar su da manyan gidaje. Wata tsohuwar nas da faɗa take amsawa. Wani direba mai ritaya sai ya gama tarinsa kafin ya ja sakata. Labarin kuwa rediyo ya riga ya ba su tun asuba, amma ba wanda ya taɓa cewa a daina kawowa.

Guda ɗaya takan rage, ta Baba. Ya ce shi ma a buga masa ƙofa kamar kowa, kada a raina shi don yana jinya.

Ran nan Tela ya ƙwanƙwasa. Ya jira. Ya sake, har yatsunsa suka yi zafi. Sai ya sa kafaɗa.

Baba na kan kujerarsa yana fuskantar ƙofa, tabarau a hanci, ƙafafu cikin bahon ruwan da ya riga ya huce. Tela ya taɓa wuyansa, ya yi salati a hankali, ya zare tabaran, ya rufe masa ido.

Bayan an dawo daga maƙabarta dillali ya ja shi gefe. Ya yi ta'aziyya a gurguje, ya ce daga gobe mai babur zai karɓa, shi kafin ka ce kwabo ya watsa ya gama.

Tela ya shiga ɗakin Baba, ya ajiye jaridar da ba a buɗe ba a kan kujera, ya turo keken waje. Ya jawo ƙofar mai karyayyar sakata har ta zauna.

"Ka ce wa mai babur ya nemi wani layin," ya ce wa dillali. "Gobe da safe zan zo ɗaukar ɗaurina."