Tattabarun Baban Iklima

Baban Iklima, Allah ya jiƙansa, ya bar mini tattabaru talatin da farantan sola huɗu a saman kwanon gidanmu na Barunde. Da solar nake kunna firji, ina sayar da kunun aya mai sanyi.

Ina fita takaba firjin ya fara gajiya. Kafin la'asar ya mutu, kunu ya yi tsami. 'Yata Iklima ta leƙa daga benen maƙwabta, ta dawo ta ce, "Dada, kashin tattabaru ya rufe farantan gaba ɗaya. A sayar da tsuntsayen nan kawai. Zan turo mai saye ran Asabar."

Amma kukansu da safe shi ne ya rage mini na mutumin.

Ya Falmata, mai benen, ta same ni ina hawaye a tsakar gida. Ta ce, "Maman Iklima, me kike tsammani yake yi a sama duk safiyar Juma'a?"

Na ce, "Hira da tattabarunsa."

"Hira da bokiti da tsumma? Daga tagata nake kallonsa. Wanke farantai yake yi, yana zagin tsuntsayen ɗaya bayan ɗaya."

Shekara uku ina yi masa gorin zaman banza a kan kwano, bai taɓa gaya mini ba.

Ran Juma'a na sa wandonsa a ƙarƙashin zani, na jingina tsani. Ni da ban taɓa hawa abin da ya wuce turmi ba. Ya Falmata ta riƙe mini tana cewa, "In za ki faɗo ki faɗa hagu, ni ƙashina ya tsufa."

Da na kai sama na ga farantai suna walƙiya a kan gidaje har wajen Pantami. Ashe mun yi yawa haka. Na wanke nawa tas. Ina gamawa wata farar tattabara ta sauka ta sake ɓata ɗaya. Na zage ta da kyau, Ya Falmata ta yi dariya har tsanin ya girgiza.

Ranar firji bai mutu ba. Da mai saye ya zo ran Asabar da kwandonsa, na ba shi kunu mai ƙanƙara, na ce ya yi haƙuri, tsuntsaye sun fasa tafiya.