Hannun Daman Joynal Mridha

Tsohon ya sake ture farantin shinkafar, har miyar waken dal ta fantsama a rigar Delwar.

"Baffa, loma ɗaya kawai," in ji Delwar.

Joynal Mridha ya juya fuska bango. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kashe masa hannun dama ya daina ci. A ba shi a baki, ya ce shi ba jariri ba ne. A ce ya ci da hagu, ya ce ba a haifi mai sa shi ba. Da safe likita ta yanke: in bai ci yau ba, gobe za a zura masa roba ta hanci.

A ajinsu na digiri na biyu, inda ake koyon yadda za a maido wa majinyata ayyukan yau da kullum, Delwar ne kaɗai namiji, kuma shi kaɗai ya fito daga ƙauye. Sauran duk 'yan matan birnin Dhaka ne. Tsohon kuwa ya rantse mace ba za ta taɓa masa hannu ba, shi ya sa aka jingina wa Delwar shi.

Shiuli, 'yar ajinsu, ta leƙo ta ƙofa tana dariya, tana zolayarsa.

"Namijin aji, yaya? Har yanzu surukin naka bai ci ba?"

"Ke dai bari, Shiuli."

Ta ga fuskarsa, ta daina dariya, ta wuce.

Wallahi tsoro Delwar yake ji. Ya san irin waɗannan tsofaffin, da su ya tashi. Ranar da aka sa wa wannan roba, ya gama da duniya ke nan.

Ya janyo farantin gabansa, ya ɓoye damansa a bayansa, ya cusa hagunsa cikin shinkafar. Rabonsa da haka tun yana yaro, ranar da mahaifiyarsa ta make masa yatsu da ludayi. Ya daure ya kai baki.

"Ka gani, Baffa? Ba abin da ya same ni."

Tsohon ya juyo, idonsa jawur.

"Ɗan wane ne kai? Uwarka ba ta koya maka cin abinci ba? Shinkafar Allah kake wa haka? Cire wannan ƙazamin hannun!"

"To ya zan yi, Baffa?"

"Ya za ka yi? Tir! Miƙo nan, mara kunya!"

Delwar ya tura masa farantin. Joynal ya kai hagunsa ya damƙi wuyan hannun damansa, ya ɗago shi kamar mai ɗaukar itace, ya dangwara shi cikin shinkafar. Yatsun ba su lanƙwashe ba. Ya ja su, ya tura, yana huci, gumi na bin gemunsa. Delwar ya miƙa hannu zai tallafa masa gwiwar hannu.

"Kar ka taɓa ni!"

Da ƙyar hannun ya tashi. Rabin shinkafar ta zube a ƙirjinsa, sauran ta zube a zanin gado. 'Yan ƙwayoyin da suka manne a yatsunsa ne suka isa bakinsa. Ya tauna su a hankali, hawaye na gangaro masa.

Sannan ya dubi Delwar.

"Je ka wanke hannun nan, ɗana. Ka dawo ka ƙara min miya."