Ukun da ta ƙi ƙarewa

Dada ta dawo daga barkar haihuwa ta tarar da jikarta Suwaibatu durƙushe a gindin rumbu, da gawayi a hannu, tana zana uku a jikin bango. Uku, uku, uku, sun yi layi tun daga bakin rumbu har sun sha kwana. Ga tuwon rana can kaji sun gama da shi.

"Ke, mi kike yi haka?"

"Aikin gida ne, Dada. Goma za a raba gida uku. Takardata ta cika, bai ƙare ba."

Ko ɗago kai yarinyar ba ta yi ba. Nan gaban Dada ya yanke ya faɗi, don da haka Larai, ƙanwar ita Dada, ta fara, tana nanata kalma ɗaya, kafin iskoki su tafi da hankalinta. Tsohuwa ta dafe ƙirji tana salati, ta ce boko kam daga yau an gama shi a gidan nan. Kuma a gidan, in Dada ta yanke, ko maigida sai dai ya sosa ƙeya. Sai a lokacin Suwaibatu ta saki gawayi ta fashe da kuka.

Aka aika gona a kira Yahya, autan Dada, wanda ya yi sakandare a Faskari, ya zo ya ɗauko malamin ruƙiyya. Da Yahya ya iso ya dubi bango, dariya ta ƙwace masa.

"Dada, lafiyarta lau. Ranar da aka koya masu tana kwance da zazzaɓi. Ɗigo ake sawa a kan ukun a tashi, don ba ta ƙarewa."

"Ba ta mi?"

"Ba ta ƙarewa. Ko za ta rubuta har garin Yankara."

Ya zo kashe wuta, ashe fetur ya zuba. Dada ta zauna daɓas a kan turmi, baki buɗe. Ta ga ƙarshen miji, ta ga ƙarshen fari da yunwa, yau a ce wata 'yar lamba mai doro biyu ita ce ba ta da ƙarshe? Abin ya girgiza ta ƙwarai.

Ta ce a miƙo mata gyaɗa. Ta ware goma, ta yi kashi uku. Ɗaya ta rage.

"Ita ce, Dada," in ji Suwaibatu cikin shessheƙa. "Kullum sai ɗayar nan ta rage."

Dada ta daɗe tana hararar ƙwayar. Can ta ɗauke ta ta jefa baki.

"Tun da nike, abin da ya rage na mai rabo ne. Share hawayenki, ja'ira. Gobe da sassafe ki sa kayan makarantarki, ki hwaɗa ma malamin naku ni na cinye ta."