Ƙuri'ar Kanar Ragsdale

Duk faɗin gundumar nan babu wanda bai san Kanar Obadiah Ragsdale ba, kuma babu wanda ya gaji da shi kamar matarsa Keziah. Tun suna sababbin zuwa jihar Kentucky ta Amurka maƙwabta suka zaɓe shi shugaban dakarun sa-kai, ba don komai ba sai don shi kaɗai ke da takobi. Shi ke nan fa, mutum ya ɗanɗana girma! Yau atisaye, gobe majalisar jiha, ita kuwa an bar ta da gatari da masara da aladu.

Duk wannan ta shanye. Amma zaɓen kujerar majalisa na bana ba na wasa ba ne. Wasu attajiran Virginia sun ɓullo suna cewa kwarin nan kaf nasu ne, har da gonar da Keziah ta sassabe da hannunta. Kanar ne ya kai wa majalisa dokar da za ta bar manomi inda ya zuba guminsa, kuma ƙiris ya rage ta wuce. Abokin takararsa, Lemuel Tabb, lauyan attajiran ne. In Tabb ya hau kujerar, doka ta mutu, gona ta tafi.

Ranar ƙarshe ta zaɓe, Keziah ta tsayar da keken doki daf da tagar kotun da ake zaɓen a ciki, tunda mace ba ta shiga. A ciki 'yan takara na zaune kan benci, kowane mai zaɓe ya zo ya faɗi gwaninsa da baki, wanda aka ambata ya miƙe ya yi godiya. Kanar kuwa godiyarsa sai ta zama wa'azi. Da la'asar layi ya ƙare, baturen zaɓe ya ce Kanar na gaba da ƙuri'a ɗaya, saura 'yan takarar su biyu su faɗi nasu gwanin.

Keziah dai ta san abin da ta aura. Ta ƙwanƙwasa taga da bulala har ya leƙo.

"Maigida, sunanka za ka faɗa. Ka ji ko?"

"Haba Keziah! Dattijo ya zaɓi kansa? Ni in zaɓe shi, shi ya zaɓe ni, haka muka gada. Ɗayar nan tana nan daram."

"In bai rama ba fa?"

"A gaban jama'a? Ai ko kare ba zai yi haka ba."

"To don girman Allah bar shi ya fara."

"Ni ne babba, ni ke farawa. Zauna ki ga yadda ake yi, 'yar gidan manoma."

Ya koma ya gyara kwat ɗinsa mai maɓallan tagulla, ya rusuna har hularsa na sharar ƙasa, ya ce da muryar fareti, "Ƙuri'ata ta mai girma Lemuel Tabb ce!" Tsofaffin dakarunsa suka ɗau tafi, shashashai, rabinsu wuski ya gama da su.

Tabb ya miƙe, ya share hanci, ya ce, "Na gode, Kanar. Ni ma Lemuel Tabb."

Kotu ta kaure da hayaniya. Wani ya jefa takalmi, wani ya rantse sai ya cire wa lauyan ido. Baturen zaɓe dai ya faɗi abin da kowa ya ji da kunnensa: Tabb ya ci da ɗaya. Takaici ya hana Keziah ko kuka.

Can sai ga Kanar ya fito, fuska jajir, amma ƙirjin nan a gaba. Ya hau keken yana huci.

"Kin ga tantiri ko? Ya kashe kansa a garin nan! Babu mai sake gaishe shi. Ni kuwa kowa ya shaida na fita da mutuncina."

"Sannu, mai mutunci," in ji ta. "Sannu da ƙoƙari."

Ta ja linzami. Bai rufe baki ba har suka wuce mashaya, suka haye rafi, yana lissafa waɗanda za su yi wa Tabb tofin Allah tsine. Sai da rufin gidansu ya bayyana ta tsayar da doki, ta juyo ta dube shi sosai.

"Obadiah, kayan ɗaki ni zan ɗaure, aladu ni zan kora, na saba. Amma 'ya'yanmu biyu da ke kwance bayan rumbu, kai za ka tone su. Ba zan bar wa Tabb su ba, kuma ni ba zan iya riƙe shebur ɗin ba."