Takalmi Ɗaya a Bakin Tabarma

Raliya ta ɗiga ruwan gishiri a kan gyambon da ke babban yatsan ƙafar mijinta, ta ɗago tana jiran ya yamutsa fuska. Zakariya ko gezau, hankalinsa na kan rediyo.

"Malam, ba ka ji zafi ba?"

"Kin fara ne?"

Ta tsaya tana duban yatsan. Haka aka fara da wansa Yahya, da ke katanga ɗaya da su: ƙaya ce ta soke shi a gonar auduga bai ji ba, bayan wata huɗu aka dawo da shi daga asibitin birnin Madani da ƙafa ɗaya. Ciwon sukari ya yi wa ƙauyen nan shigar sauri, har mutane sun daina mamaki.

Ba kuma zama suka yi ba. Likita uku suka gani, biyu a Hasahisa, ɗaya a Madani, kuma duk kamar sun haɗa baki. Kowanne kansa na kan takarda, ya ce a bar sukari, ya ƙara ƙwaya, ya kira na gaba. Zakariya ya bar sukarin, mutumin da a da sai cokali ya kusa tsayawa a shayinsa. Amma awon jininsa ya ƙi sauka.

Maƙwabciyarsu Asabe ce ta kawo labarin wata likita a Madani, tana ba da shi tana dariya. Wai Bahausa ce, wai tana hana mutane kisra, gurasar nan marar kauri da kowa ke ci kullum. A ƙasar da ake yaye yaro da kisrar dawa, wannan ai abin dariya ne. Raliya dai ba ta yi dariya ba, ta tambayi unguwar.

* * *

Dakta Nawal ta wanke gyambon da hannunta, sannan ta ture takarda gefe, ta dube shi.

"Baba, mi kaka ci tun daga sahe har ka kwanta?"

Zakariya ya waiwaya ya dubi matarsa. Shekara shida yana wannan ciwo, ba wanda ya taɓa yi masa tambayar. Raliya ce ta jero: kunu da asuba, tuwo da hantsi, kisra biyar da la'asar, fura idan ya dawo gona. Da alfahari ta faɗa, don ba ta taɓa barin mijinta da yunwa ba.

"Ya Hajja, duk wannan in ya shiga ciki sukari yaka zama."

Zakariya ya gyara zama, ransa ya ɓaci. "Dawar da na noma da hannuna? Ɗiyata, ko zaƙi ba ta da shi!"

"Harshe bai ji, amma jini na ji. Ban ce ka rabu da ita ba. Kisra guda, miya ta fi ta yawa. Kuɓewa, gyaɗa, ƙwai, kihin kogi, duk kuna da su. Kuma sai na rage maka ƙwaya, kar sukarin ya faɗi da yawa. Duk mako biyu in gan ka. Tamam, kun ji ko?"

Raliya ta sunkuyar da kai. Abin da likitar ba ta ambata ba shi ne ya fi damunta. A ƙauyensu namiji ba ya cin abinci a ɗaki. Bayan la'asar kowane gida ke fito da tirensa ƙofar masallaci, maza su haɗu su ci, kuma da tudun kisra ake auna matar gida.

"Za a ce na yi rowa," in ji ta a hankali.

"Za a ce," likitar ta amsa. "Ni ma an ce da uwata. Amma babana da ƙafafunsa yaka zuwa masallaci."

* * *

An kuwa faɗa. Ranar farko da tiren ya fita, Raliya na bayan ƙyaure ta ji wani yana tambaya ko gara ta shiga rumbun Zakariya. Kafin magariba gidaje biyu sun aiko da kwanon dawa, wai taimako. Ta karɓa ta yi godiya, ta shiga madafa ta yi kuka mai isarta. Washegari ta sake ɗora kisra guda.

Mako biyu, awo ya ɗan sauka. Mako shida, gyambon ya fara tsukewa. Ranar wata Laraba tana wanke shi Zakariya ya janye ƙafa da sauri.

"Kai, Raliya, a hankali mana!"

Ta zauna daɓas tana dariya da hawaye, shi kuma yana ta mita.

Da la'asar ta leƙa ta kafar ƙyaure kamar yadda ta saba. Sai ta ga Yahya ya baro tirensa, ya dogara sandarsa ya zo ya zauna gaban nata. Ya ci kuɓewa da kifi har ya suɗe hannu. Da ya gama ya ɗaga murya yadda za ta ji.

"Zakariya, ka ce ma Raliya ta shiga ta koya ma iyalina wannan girkin." Ya shafa gwiwarsa mai lafiya. "Guda ta rage mini, ina son abata."

Babu wanda ya yi dariya. A bakin tabarma takalman Zakariya biyu na ajiye, kusa da su na Yahya guda ɗaya. Raliya ta jawo mayafinta, ta ɗauki busasshiyar kuɓewa, ta nufi gidan da ke bayan katanga.